Yadda Zaka Haɗa Ƙaramin Gem Na Waya Kai Kaɗai, Daga Takarda Har Play Store

Samari da yawa a nan Bauchi in suka ga ana aikin gem a laftof tambayarsu ɗaya ce, wai mutum ɗaya zai iya haɗa wannan abin? Eh zai iya ɗan'uwa, amma da sharaɗi: gem ɗinka na farko ya zama ƙarami sosai, ƙanƙanin da kai kanka zaka so ka raina shi, kuma ka ƙarasa shi har ya shiga wayar mutane. Zan ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, gem ɗin toya masa, tunda masa tamu ce kowa ya san yadda ake yinta. Tanda ce a sikirin, ka danna rami ka zuba ƙullu, ka jira gefe ɗaya ya soyu, ka danna ka juya, ka sake dannawa ka kwashe kafin ta ƙone. Shikenan gem ɗin.

Kayan da zaka tanada

Laftof. Ba sai sabuwa ba, ta hannu ma ta isa. RAM gigabait 4 zai ɗauki gem mai zane a shimfiɗe irin wanda ake cewa 2D, in aljihu ya yarda ka nemi 8, kuma ka dage a kan mai SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Amma abinda yafi komai a wurinmu batir ne. In kaje saya wajen Wunti ka sa mai shago ya zare caja a gabanka ka zauna ka ga yadda cajin yake sauka, don laftof mai ƙarfi da mataccen batir wahala kawai zata baka in aka ɗauke wuta.

Wayar gwaji. Ka nemi mafi rauni da zaka iya samu, tsohuwar itel ko Tecno mai RAM gigabait 2, ko ta ƙaninka ce ka riƙa ara. Irinta ce a hannun yawancin waɗanda zasu buga gem ɗinka, in yayi gudu lafiya a kanta to zai yi a ko'ina.

Injin gem, wato manhajar da ake haɗa gem a cikinta. Ni Godot nake ba kowa shawara. Kyauta ne gaba ɗaya, wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara shi aka kuma buɗe shi ga kowa a 2014, ba wanda zai zo daga baya yace ka bashi kaso a abinda ka samu. Saukewarsa bata kai megabait 100 ba kuma ba a girka shi, ka warware fayil ɗin ka danna ya buɗe. Ka ɗauki sigar 4 ta yau da kullum, ka bar wadda aka rubuta .NET a jikinta. Unity ma inji ne mai kyau amma yana cin data da wurin ajiya sosai, kuma a 2023 sun sanar da wani sabon caji da ya tada hankalin masu gem a duniya kafin su janye shi a 2024, to mai farawa baya buƙatar wannan fargabar.

Sai kayan zane da sauti: Piskel ko LibreSprite don zanen ɗigo-ɗigo, Krita don zanen hannu, Audacity don gyaran sauti, duk kyauta. Sai kebul na USB mai ɗaukar data (wasu caji kawai suke yi), filashi, littafin rubutu da biro.

In babu laftof kwata-kwata kada ka zauna jira. Godot yana da manhajarsa ta Android a Play Store, da kan OTG zaka iya jona kibod da maus a waya kayi aiki. Akwai kuma GDevelop, shi ba sai ka rubuta kod ba, sharuɗɗa kake jerawa na in kaza ya faru ayi kaza, kuma yana haɗa maka APK, wato fayil ɗin da ake girkawa a wayar Android, ta intanet sai dai asusun kyauta yana da iyakar sau nawa zaka haɗa. Aiki a waya yana da takura gaskiya, amma da babu gara ba daɗi.

1. Rubuta gem ɗin a takarda kafin ka kunna komai

Jimla ɗaya tak. "Kana toya masa, kada ta ƙone." In jimlarka ta kai layi uku, tana da gari da motoci da bindiga da buga wa da abokai ta intanet, to wannan ba aikin mutum ɗaya bane a yanzu, yanke ta. Ka tuna Eric Barone da ya haɗa Stardew Valley shi kaɗai sai da ya shafe sama da shekara huɗu kafin ya fito a 2016, kuma kusan duk lokacinsa a kai yake dare da rana. Kai kana da makaranta ko shago.

A ƙarƙashin jimlar ka amsa abu huɗu: me ɗan wasa yake yi da yatsansa, me yake samu in yayi daidai, ta yaya ake faɗuwa, me ke sa wasan ya ƙara wuya. A namu: dannawa, maki ɗaya kan kowace masa mai kyau, masa uku suka ƙone wasa ya ƙare, wuta tana ƙara ƙarfi a hankali. Sai ka zana sikirin ɗin da biro, tanda a tsakiya, maki a sama.

Ka ware shafin ƙarshe na littafin ka rubuta masa "sai nan gaba". Duk dabarar da ta faɗo maka a tsakiyar aiki, kwastomomi masu layi, miyar taushe, sayen sabuwar tanda, kasuwar Muda Lawal a bayan fage, can zaka jefa ta. Wallahi wannan shafin shi yake ceton gem, don abinda yafi kashe ayyukan masu farawa ba rashin iyawa bane, ƙare-ƙare ne da basa ƙarewa.

2. Saita Godot yadda zai dace da ƙananan wayoyi

Lokacin buɗe sabon aiki zai tambayeka wane Renderer kake so, wato tsarin da zai riƙa zana hoto a sikirin, ka zaɓi Compatibility. Shi ne yake tafiya a tsofaffin wayoyi da tsofaffin laftof, kuma shi ake buƙata in zaka sa gem ɗin a burauza. Sai ka shiga Project Settings, ɓangaren Display sannan Window, ka sa faɗi 720 tsawo 1280, Orientation ka maida shi Portrait, Stretch Mode ka sa canvas_items, Aspect kuma expand. Wannan na ƙarshen ne yake hana baƙin layi fitowa sama da ƙasa a wayoyi masu dogon sikirin. Ka kuma kunna Emulate Touch From Mouse don maus ɗinka ya zama kamar yatsa lokacin gwaji.

In baka taɓa rubuta kod ba, kafin ka taɓa masa ka buɗe takardun koyarwa na Godot ka bi darasin nan na gem ɗin 2D na farko daga farko har ƙarshe, kana bugawa da hannunka ba kwafa da liƙawa ba. Harshen da ake rubutawa sunansa GDScript, yana kama da Python, baya da wuyar karantawa.

3. Rami ɗaya, ba zane, ba sauti

Nan ne zuciyar aikin kuma nan ne mutane suke tsallakewa su tafi zane. Ka haɗa rami guda ɗaya a matsayin Scene nasa daban (Scene a Godot yanki ne na gem da ake ajiyewa a fayil nasa), da'ira kawai mai canza launi: toka in babu komai, fari in an zuba ƙullu, ruwan ƙasa in lokacin juyawa yayi, baƙi in ta ƙone. Ramin yana buƙatar ya riƙe abu biyu, halin da yake ciki da kuma daƙiƙun da ya shafe a wannan halin. Ga ɗan abinda zai kasance a ciki:

```
var hali = "babu"
var lokaci = 0.0

func _process(delta):
    if hali == "danye" or hali == "a_juya":
        lokaci += delta
    if hali == "danye" and lokaci > 3.0:
        hali = "a_juya"
    if hali == "a_juya" and lokaci > 5.0:
        hali = "ta_kone"
```

Ka lura da delta ɗin nan da kyau. Shi ne tsawon lokacin da ya wuce tsakanin hoto ɗaya da na gaba a sikirin. Wayar mai kuɗi tana iya zana hoto 60 ko 120 a daƙiƙa, itel ɗin gwajinka wataƙila 30 take yi, to in ka riƙa ƙara 1 a kowane zagaye maimakon delta, masa zata ƙone da sauri ninki biyu a wata wayar fiye da wata. Duk abinda ya shafi lokaci ko gudu a gem, da delta ake lissafa shi. Iya ilimin da kake buƙata kenan a yanzu. Sunayen cikin kod kuma ka rubuta su da haruffa marasa lanƙwasa kamar yadda nayi a sama, masu lanƙwasa ka bar su sai a rubutun da ɗan wasa zai gani.

Sai ka ƙara dannawa: in hali "babu" ne a zuba, in "a_juya" ne a juya a maida lokaci sifili, da dai sauransu. In rami ɗaya yayi aiki daidai sai ka kwafi Scene ɗin sau shida a cikin babban sikirin. Kada ka rubuta kod daban ma kowane rami, in kayi haka duk gyara ɗaya sai ka yi shi sau shida.

Tun daga yau kuma duk ranar da ka tashi aiki ka kwafi foldar gaba ɗaya zuwa filashi da kwanan wata a sunanta, in akwai data ka jefa a Google Drive. Wanda zai iya koyon Git da GitHub, masu ajiye tarihin canje-canjen kod, ya koya, yafi.

4. Ka sa shi a waya tun yana da muni

Wannan matakin yana da ɗan ciwon kai amma sau ɗaya ake yinsa. Abu uku zaka sauke don Godot ya iya fitar da gem ɗin zuwa waya: Export Templates na Godot, OpenJDK 17, da Android SDK. Na farkon yana kai wajen gigabait ɗaya, to ka bari sai da datar dare ko inda kake samun wayfai, kuma lallai lambar sigarsa ta zama daidai da ta Godot ɗinka, in kana kan 4.3 to na 4.3 zaka sauke ba na 4.4 ba. In akwai abokin da ya riga ya sauke karɓa kawai a filashi. Bayan nan a Editor Settings ka nuna masa inda Java da SDK suke.

A wayar ka shiga saiti, wajen bayanin waya, ka danna Build number sau bakwai, Developer options zai bayyana, ka kunna USB debugging. In ka ƙara Android a wajen Export na menun Project ka kuma jona kebul zaka ga ɗan tambarin tura gem a saman Godot ta dama, dannawa ɗaya gem ɗin zai buɗe a wayar.

Ga tarko biyu da suke kama kusan kowa. Na farko, zai ƙi fitarwa yana maganar ETC2, maganinsa ka koma Project Settings ka nemi Import ETC2 ASTC ka kunna. Na biyu shi yafi shafarmu: a wajen Export akwai jerin nau'in kwakwalwar waya, ka tabbatar armeabi-v7a da arm64-v8a duka biyun suna da maki. Ƙananan wayoyi da yawa masu Android Go har yanzu 32-bit suke, in ka bar arm64 kaɗai zaka tura wa mutum APK yace maka yaƙi shiga, kai kuma a taka wayar yana aiki lafiya ka rasa gane dalili.

5. Miƙa wa mutum wayar, ka kama bakinka

Ka tafi majalisa da yamma, ko shagon caji, ko gidan kallon ƙwallo lokacin hutun rabin lokaci, ko wajen ɗalibai a Yelwa ko Gwallameji. Ka miƙa wayar kace "ɗan gwada wannan". Daga nan kada ka ƙara cewa komai, ko da ka ga yana danna inda ba daidai ba kuma bakinka yana ƙaiƙayi. Ranar da gem ɗin ya shiga Play Store ba zaka kasance kusa da kowa kana masa bayani ba.

Hannunsa da fuskarsa zaka kalla ba abinda yake faɗa ba, don mu mutanenmu akwai kara, kowa zai ce maka "kai yayi kyau, Allah ya ƙara basira" ko da bai gane komai ba. Na taɓa miƙa wa wani yaro ɗan firamare irin wannan gwajin, yana zuba ƙullu sai ya ɗora yatsa a kan ramin ya danne yaƙi ɗagawa, shi a tunaninsa sai ya riƙe ne take soyuwa, babban yatsan nasa kuma ya rufe launin da zai nuna masa lokacin juyawa yayi. Abu biyu na gyara daga kallon nan kaɗai, na sa wani zobe a kewayen ramin yana cika a hankali wanda yatsa baya rufewa, na kuma ƙara girman ramukan. Alamar da kake nema ita ce in wasa ya ƙare mutum ya danna "sake" da kansa ba tare da ya ɗago ya kalleka ba. In mutum biyar a jere suka miƙo maka wayar bayan zagaye ɗaya, kada ka tafi zane, koma mataki na 3.

Ka ba mata ma su gwada, musamman wadda take toya masa da gaske. Zata gaya maka abinda kai baka sani ba, misali ramin tsakiya yafi na gefe zafi, kuma wannan kaɗai dabarar wasa ce mai kyau: ka sa na tsakiya ya riƙa soyuwa da sauri.

6. Daidaita wahala

Daƙiƙa 30 na farko su zama masu sauƙin da kowa zai ci, rami biyu kawai a buɗe. Daga nan kana buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya kana rage tazarar da ke tsakanin "a juya" da "ta ƙone". Ka sa iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba, don in tazarar ta kai inda yatsan ɗan Adam ba zai iya ba mutum zai ji an zalunce shi ne ya goge gem ɗin. Kai da ka buga shi sau ba adadi komai zai zame maka da sauƙi, saboda haka in ka ji ya yi maka daidai to ga baƙo ya yi wuya, sassauta.

Zagaye ɗaya kada ya wuce minti biyu, mutane a cikin Keke Napep ko layin banki suke bugawa. Ka ajiye mafi girman maki da ConfigFile a cikin user:// don kada ya ɓace in an rufe. Ka sa wasan ya tsaya da kansa in kira ya shigo ko mutum ya fita, an kira sallah ya ajiye waya ya dawo ya tarar da masarsa yadda ya barta. Sannan maɓallin komawa baya na Android a Godot rufe gem yake yi kai tsaye sai in ka kashe Quit On Go Back, to ka kashe ka sa ya riƙa tsayar da wasa.

7. Yanzu ne lokacin zane da sauti

Ka zaɓi launi kaɗan, shida zuwa takwas, ka tsaya a kansu. Zane mai sauƙi da ya dace da juna yafi haɗe-haɗen hotuna masu kyau daga wurare daban-daban. In hannunka baya zane, shafin Kenney yana da maɓallai da tambura kyauta a ƙarƙashin lasisin CC0, wato kayi yadda kake so dasu har kasuwanci. OpenGameArt da Freesound ma akwai kaya amma kowane fayil da lasisinsa, wani sai ka ambaci sunan mai shi, wani kuma an hana sayarwa, ka karanta kafin ka ɗauka. Tanda da masa dai ba zaka same su a can ba, kai zaka zana ko ka nemi ɗalibin da ya iya zane ku yi yarjejeniya a rubuce tun farko, kuɗi ne ko kaso ne.

Sauti kuwa rabin daɗin gem ne. Ka je wajen mai masa da sassafe, ka gaisheta ka nemi izini, ka kai wayarka kusa da tanda ka ɗauki ƙarar nan ta "caaa" lokacin da ƙullu ya sauka a mai. Ka yanke ta a Audacity ta zama ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ka cire hayaniyar babura. Gajerun sautuka ka fitar dasu a WAV, kiɗa mai tsawo a OGG don kada fayil yayi nauyi. Don Allah kada ka ɗauki waƙar wani mawaƙi ka sa, haƙƙin mutum ne, kuma ƙorafi ɗaya ya isa a sauke maka gem daga Play Store.

Sai rubutun Hausa. Yawancin salon haruffa masu ado da ake saukewa basu da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma. Kafin ka zaɓi kowanne ka rubuta "ƙullu, ɗanye, ɓawo, Ƙ Ɗ Ɓ" dashi ka duba a wayar. Noto Sans da Andika duk suna dasu kuma kyauta ne a Google Fonts.

Ƙananan abubuwa da suke sa gem yayi rai: masa ta ɗan yi tsalle in an juya ta, hayaƙi ya tashi in ta kusa ƙonewa, waya ta ɗan girgiza in an yi asara. Da Tween, abin motsa hoto a hankali na Godot, ake yin yawancinsu, layi biyu ko uku ne. Hayaƙin kawai kada ka cika shi, yana sa ƙaramar waya ta riƙa sarƙewa.

8. Fara nuna wa duniya tun baka gama ba

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɓoye aikinsa wai kada a sace masa dabara, sai ranar fitarwa yayi sanarwa ɗaya a Facebook, mutum goma su danna, shiru. Ba mai sace maka gem ɗin masa. Tun daga mataki na 5 ka riƙa ɗaukar bidiyon sikirin na daƙiƙa 15 zuwa 20, a tsaye, ka sa a sitatus na WhatsApp da TikTok da Facebook. Daƙiƙa ukun farko wasan kansa za a gani, ba tambarinka yana juyawa ba. Bidiyon da yafi tafiya a ganina shi ne na mutum na gaske yana bugawa masa ta ƙone masa ana dariya, in ya yarda a ɗauke shi. Kayi magana da Hausarka yadda kake yi a majalisa, abinda ya bambanta ka da dubban gem ɗin da ke fitowa kenan. Duk wanda ya nuna sha'awa ka sa shi a wani guruf na WhatsApp, zaka buƙace su a mataki na gaba.

9. Fitarwa

Hanya mafi sauƙi kuma kyauta ita ce itch.io, shafin da masu ƙananan gem suke ɗora aikinsu. Ka buɗe shafi ka ɗora APK, ka kuma fitar da sigar burauza, sunan babban fayil ɗin ya zama index.html, ka dunƙule foldar a zip ka ɗora. Mutum zai buga daga mahaɗi kawai ba sai ya girka komai ba. Shi kuma APK ɗin ka barshi ya yawata ta Xender da WhatsApp, haka kaya suke tafiya a nan, kawai ka rubuta sunanka da inda za a sameka a cikin gem ɗin kansa don duk inda yaje ya tafi da adireshinka.

Play Store kuma sai ka shirya. Buɗe asusun Play Console dala 25 ne sau ɗaya, ka fara tambayar bankinka ko katinka yana biyan dala. Za su nemi katin shaida, sunan da ka rubuta ya zama daidai da na jikin katin harafi da harafi. Tun Agustan 2021 sabbin manhajoji wani nau'in fayil mai suna AAB ake ɗorawa ba APK ba, a Godot sai ka girka Android Build Template daga menun Project ka kunna Use Gradle Build, karon farko zai ja data sosai. Sunan kunshin, irin com.sunanka.maimasa, ka zaɓe shi da natsuwa don baya canzuwa bayan ka ɗora.

Zaka ƙirƙiri fayil ɗin sa hannu da ake kira keystore. Ka riƙe shi da kalmar sirrinsa kamar takardar filinka, kwafi a filashi, kwafi a Drive. In ya ɓata, a Play Store sai ka bi dogon layin neman a sauya maka, waɗanda kuma suka karɓi APK kai tsaye sai sun goge tsohon kafin sabon ya shiga, makinsu ya tafi.

Sai babban shingen: duk asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023 sai yayi gwajin rufe da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bashi damar fitarwa ga kowa. Da farko ma 20 ne aka rage. Nan guruf ɗinka zai yi amfani. Ka tara adireshin Gmail na mutum 18 ko 20 don dole wani zai canza waya wani zai fita, ka bi kowa ka tabbatar ya danna mahaɗin amincewa ya kuma sauke, ka riƙa tuna musu su buɗe suna bugawa, don a ƙarshe Google zai tambayeka me masu gwajin suka ce kuma me ka gyara.

Kafin kwanakin su cika ka haɗa kayan shafin: tambari 512 da 512, babban hoto 1024 da 500, hotunan sikirin aƙalla biyu, suna da bai wuce harafi 30 ba, gajeren bayani harafi 80. Akwai fom na shekarun da suka dace da gem ɗin, da na bayanan da kake tattarawa, da mahaɗin shafin manufar sirri wanda zaka iya yi kyauta a Google Sites. Ka amsa gaskiya a duka. Bayanin ka rubuta da Hausa sannan Turanci a ƙasa. Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, dala 100 ne kan kowane gem, na Apple dala 99 duk shekara, ka barsu tukuna.

10. Maganar kuɗi

Gem na farko ba zai saya maka babur ba, gara ka sani tun yanzu. Mutanenmu basu saba sayen gem ba, to talla ce hanyar da ta rage, ta AdMob, tsarin tallan Google, wanda a Godot sai ka ƙara masa wani fulogin, wato ƙarin kod da ke haɗa su. Basa biya sai kuɗinka ya kai dala 100, kuma abinda ake samu kan tallar da aka kalla a Najeriya kaɗan ne. Shawarata ka fitar da sigar farko babu talla, in ka ga mutane suna dawowa sai ka sa irin wadda mutum da kansa yake zaɓar kallo don a yafe masa masa ɗaya da ta ƙone. Kada ka taɓa danna tallarka da kanka ko kace abokai su danna, rufe asusun suke yi, lokacin gwaji akwai tallar gwaji da suka tanada. Ka kuma shiga saitin AdMob ka toshe rukunin caca da giya da na neman soyayya, yara ne zasu fi buga gem ɗin nan a wayar iyayensu, kuma in ka ce wa Google na yara ne akwai ƙarin dokokin iyali da sai ka cika. Da zarar ka sa talla sai ka koma ka gyara fom ɗin bayanai da shafin sirrin.

Inda kuɗin yafi fitowa da wuri shi ne aikin da gem ɗin zai jawo maka, makaranta mai son wasan koyon haruffa ko lissafi da Hausa, ko mai kasuwanci da ke son ƙaramin wasa da sunansa. Mahaɗin Play Store ɗinka shi zaka nuna musu.

11. Bayan ya fita

Ka riƙa leƙa Android vitals a Play Console, yana nuna maka wayoyin da gem ɗin yake mutuwa a kansu. Duk wanda ya rubuta sharhi ka amsa masa da ladabi ko da zagi yayi. Bayan sati biyu ko uku sai ka buɗe shafin "sai nan gaba" ka ɗauki abu ɗaya, ɗaya kawai, ka ƙara. Kowane sabuntawa sai ka ɗaga Version Code a wajen Export, daga 1 zuwa 2 zuwa 3, in ka manta Play Console zai ƙi karɓar fayil ɗin. Google kuma duk shekara yana ɗaga sigar Android da ake buƙatar manhaja ta nufa, to ka riƙa duba imel ɗin asusun, in sanarwar tazo yawanci sabunta Godot da Export Templates ɗinsa ka sake fitarwa shi ne maganin, amma ka kwafi foldar aikin gefe guda kafin ka buɗe ta da sabuwar siga.